Dashe ko renon toho: wanne ke dawo da itatuwa bai hana tukunya tafasa ba?

Gardamar ta taso ne a taron ƙungiyar ci gaban garinmu bayan la'asar. An yi karo-karo, 'yan birni sun turo nasu, kuɗi sun ɗan yi auki, kuma kowa ya yarda gonakin arewacin gari sun zama fili fetal. Iskar farkon damina takan binne gero da rairayi tun yana ganye biyu, sai an yi shuka biyu ko uku kafin ta kama. Inda aka rabu shi ne yadda za a kashe kuɗin. Wasu suka ce a je gandun renon itatuwa a lodo tsirrai dubu-dubu a dasa. Waɗanda ke shiga Maraɗi da Damagaram fatauci suka ce a adana kuɗin, a yi abin da suka gani a can, wato a daina tumɓuke tohon da ke fitowa da kansa a gona, a rene shi. Wani dattijo kuma ya ce duk wahalar banza ce, a sa doka kawai, wanda aka kama da gatari a daji a ci shi tara.

Ba a garinmu kaɗai ake wannan gardama ba, shi ya sa na ga ya dace a baje hanyoyin a faifai. Mudun da zan auna su da shi ɗaya ne: bayan shekara biyar itatuwa nawa za a tarar a tsaye, kuma wa ya ci abinci a jikinsu? Mai saran itace ba gaba yake yi da bishiya ba. Bakuna gare shi a gida, rani kuma wata bakwai ne ko takwas babu aikin gona. Duk tsarin da bai ba shi abin sawa a tukunya ba, da hannunsa zai rushe shi, ko da tsakar dare ne.

Bari in fara da renon toho, don shi ne mutanenmu suka fi rainawa. A Nijar wasu na ce masa sassaben zamani, kuma sunan ya dace, domin lokacin sassabe ake yin sa. Na ga yadda wani kawuna ke yi a gonarsa. Kututturen sabara guda zai fito da toho 15 ko 20, duk sirara kamar tsinken tsintsiya, suna kokawar ruwa da hasken rana. A da sai a bi su da adda a tara a cinna wuta. Shi kuwa sai ya tsuguna ya duba, ya zaɓi uku ko huɗu da suka fi miƙewa da ƙwari, ya datse sauran. Daga ƙasa zuwa sama yake saran, da adda mai kaifi, don kada ɓawon ya saluɓe ya bar wa itacen rauni. Waɗanda ya bari sai ya rage musu rassan gefe har wajen rabin tsawonsu, ya ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle. Na ce, "Kawu, wannan tsumman fa na mene ne kuka ɗaura?" Ya ce, "Don mai wucewa ya san da mai shi, ɗan nan. Abin da ba alama ai na kowa ne."

Sirrin abin yana ƙarƙashin ƙasa. Kututturen nan da kake gani kamar ya mutu, saiwarsa ta yi shekaru tana nutsawa, ta riga ta kai inda laima take. Shi ya sa ba ya neman ban ruwa, kuma tohon da aka rage wa kishiyoyi yakan yi tsawon da dashe ba zai kamo shi ba a shekarun farko. Ko akuya ta gwaguye shi, zai sake fitowa. Sabara, kalgo, geza, taramniya, magarya, aduwa, duk haka suke. Wasu kuma daga iri suke tsirowa, wanda dabbobi suka ci suka kasayar a gona, abin da ake nema wajenka kawai ka kauce musu da fartanya.

Manoma sun san wannan dabara tun kaka da kakanni, amma wanda ya fito da ita duniya ta sani wani ɗan Ostareliya ne, Tony Rinaudo, da ya zo aiki yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980. Dashe ya fara yi kamar kowa, tsirran suna mutuwa a hannunsa. A 1983, ya tsaya a hanya yana rage wa tayoyin motarsa iska saboda rairayi, sai ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki tohon itatuwan da aka sare ne. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona. Ga wurin da ya kamata masu ƙungiya su buɗe kunne: da rabon abincin ya ƙare, mutane da yawa suka koma suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka haƙura ne suka ga amfani, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Gani ya kori ji. Daga baya masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabon nan ta ƙasar Suwidin da ake kwatantawa da Nobel, shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso mai ramukan shuka da ake kira "zai", masu tare ruwa da taki.

Idan ana maganar reno, gawo ne sarki. Wanda ya bi ta Magarya, Matamai da Mirya ya ga gonakin da gawo ya cika, gero kuma na tsaye har gindinsa. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye da tsada a buhun yuriya. Da rani shanu su kwanta a inuwarsa su bar kashi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da ake aunawa a kasuwa lokacin da harawa ta yi tsada. Manomin da ke da gawo 20 a gona, wani ɓangare na takinsa da na kiwonsa ya fita daga lissafin aljihu.

To, dashe fa? Matsalarsa ba ranar dasawa take ba. Ranar nan kowa na murna, a ɗauki hoto, a rarraba tsirrai cikin baƙar leda. Jarrabawar tana zuwa ne daga Fabrairu zuwa Mayu. Tsiron da ya taso a leda saiwarsa gajera ce, wani lokaci ma ta nannaɗe a gindin ledar. Idan aka makara aka dasa shi a ƙarshen Agusta, kamar yadda aka saba saboda jiran kuɗi ko jiran babban baƙo, ruwa zai ɗauke bai kafu ba. Daga nan sai ban ruwa, sai gara, sai awakin da aka saki bayan girbi. Kowane tsiro na buƙatar kewaye, kuma abin dariya da takaici, ƙayar da za a kewaye shi da ita daga jikin wata bishiyar za a saro. Na taɓa ganin fili guda da aka dasa sau uku cikin shekara huɗu, kowane zuwa da sabon allo. Yau allunan ne kawai a tsaye.

Ko manyan shirye-shirye sun ɗanɗana wannan. Koriyar ganuwar da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, da farko layin itatuwa aka zana daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita kusan 8,000. Burin shi ne hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya nuna abin da aka gyara a cikin yankin shirin bai wuce hekta miliyan 4 ba, kuma tuni masu shirin suka sauya tunani daga layin dashe zalla zuwa gyaran ƙasa ta hanyoyi daban-daban, har da reno. A Najeriya hukumar shirin ta samu dokarta a 2015, tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada.

Amma kada wannan ya sa a yi wa dashe kuɗin goro. Akwai abin da reno ba zai taɓa ba ka ba. Kututture abin da ke ƙasa kawai zai fito maka da shi. Sabara ba za ta zama mangwaro ba. Idan abin da kake nema kuɗi ne a hannu daga 'ya'yan itace, dole ka dasa: mangwaro mai aure, gwaiba, lemo, kashu, dabino inda ya karɓa. Zogale cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, kuma mata ne suka fi cin kasuwarsa. Dakwara, mai ba da ƙaro, takan fara zubo da shi bayan shekara huɗu ko biyar, kuma kaya ne da ake fita da shi waje. Sudan ce kan gaba a duniya, Chadi da Najeriya na biye. Turare da darbejiya suna ba da azara da sandunan rufi miƙaƙƙu, sai dai turare mashayin ruwa ne, ba a kai shi tsakiyar gonar hatsi. Sannan akwai ƙasar da ta riga ta mutu murus, fakon da ruwa ke gudu a kansa, ko gonar da tarakta ta shekara tana tumɓuke saiwoyi. Nan babu abin renon. Sai an haƙa ramuka ko rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira, don tare ruwa, a zuba taki, a dasa ko a shuka iri.

Dashe ya taɓa yin nasara a fili kuwa. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara jera darbejiya layi biyu-biyu don karya iska, tare da ƙungiyar CARE, itatuwan suka kama, gonakin da ke tsakaninsu suka huta da iska. Sai dai a duba dalili: kwari ne mai ruwa kusa, kuma an biya masu gadi suna korar dabbobi har itatuwan suka fi ƙarfin baki. Wanda zai kwaikwayi Majiya ya kwaikwayi gadin, ba jerin kaɗai ba.

Idan aka zo ga yaushe kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, reno ya yi gaba a shekarun farko. Tun ranar da ka yi datsa ka samu ƙirare, a shekara ta biyu ka samu itacen girki daga rassan da kake ragewa, zuwa ta uku ko ta huɗu ka fara cire sanda ɗaya daga kowane kututture kana barin sauran. Kuɗin ba masu yawa ba ne, amma ba su yankewa, kuma matar gida ta huta da tafiyar rabin yini neman itace. Dashe kuwa shekarunsa na farko duk fitarwa ne, sai daga baya ya rama, kuma lambun mangwaron da ya kama zai ba da abin da gonar sabara ba za ta ba da ba. Kaɗanya da ɗorawa nasu daban ne. Kaɗanya takan haura shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya, shi ya sa da wuya ka ga mai dasa ta. Wanda ya tarar da ƙaramarta a gona ya bar ta, ya yi wa 'ya'yansa mata tanadin man kaɗe, kamar yadda mai barin ɗorawa ya yi musu na kalwa da daddawa.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan, kuma a taron namu ba wanda ya ɗago ta: bishiyar ta wa ce? A Nijar dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, da wadda ta gaje ta bayan mulkin kai, sun sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Manomi zai iya shan tara saboda ya sassare bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. To me zai sa ya bar toho ya girma ya jawo masa malamin daji? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Sai da hukuma ta sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993, aka sabunta dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne. A ganina wannan ya yi aikin da ya fi na kowace adda. A Najeriya dokar daji ta jiha ce, kowace da tata, don haka kafin a fara komai a je wurin malamin daji na ƙaramar hukuma tare da mai gari, a fayyace wa ke da ikon yanka reshe da sayar da shi, a rubuta.

Mai noman gonar aro ko jingina kuwa, ya yi hattara da dashe. A wurare da yawa dasa bishiya tamkar kafa tuta ce, mai gona zai ɗauka ana shirin ƙwace masa gado. Reno bai cika tayar da wannan ƙura ba, amma shi ma a yi magana tun farko: idan an karɓe gonar, sandunan na wa?

Reno ma yana da nasa ciwon kai, kada in yi masa ado da yawa. Na farko sata. Ka shekara biyu kana lallaɓa sanda, wani ya zo da asuba ya sare. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki a tsakiyar gonakin da kowa ya share. Sai gari ya haɗa baki. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, kwamiti suka kafa na sa ido, da mata da makiyaya a ciki, shi ya sa nasu ya ɗore. Na biyu garma: mai huɗa da shanu zai iya kewaye kututture, mai tarakta kuwa ba ya son ganin sa. Na uku tsoron inuwa da tsuntsaye, wanda ke da kamshin gaskiya idan aka bar itatuwa suka yi cunkoso ba a rage musu rassa. Sannan a faɗi gaskiya, gona mai itatuwa ba daji ba ce. Ba za ta maye gurbin dajin Falgore ko na Baban Rafi ba. Abin da take yi shi ne ta rage masu shiga can da gatari, tun da abin da suke nema ya samu a bayan gida.

Saura shawarar dattijo, ta hana sara. Ita ce mafi arha a baki. Killace wuri na 'yan shekaru yana aiki ƙwarai, daji na farfaɗowa da kansa idan aka ɗaga masa ƙafa. Amma hani tsagwaronsa kan talakan da ba shi da gona yake faɗawa: mai kai itace birni a amalanke, matar da ke sayar da ƙirare, mai gawayi. Gawayi kam ɓarna ce babba, don ramin gargajiya na cinye kilo 5 zuwa 10 na itace kafin ya ba da kilo guda, kuma kirya da marke yake nema, masu daɗewa ba su girma ba. Sai dai muddin gas da kananzir sun fi ƙarfin mai girki a birni, buhun gawayi zai sami mai saye, tarar kuma ta zama kuɗin shiga daji da ake biya a ɓoye. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mun kuma ga abin da dajin da aka raba da mutanen kirki ke zama a Rugu da Kamuku. Nijar ta gwada wata hanyar tun 1992, kasuwannin itace na karkara: ƙauye ke kula da dajinsa, a yanka masa adadin da zai sara a shekara, shi zai sayar, wani kaso na harajin ya zauna a garin. Ba ko'ina abin ya tafi daidai ba, amma ya mai da mai gatari mai hannun jari. Idan za a sa doka a gari, a sa irin wannan: a raba dajin gida-gida ana hutar da wani ana shiga wani, a halatta busasshe da reshe, a haramta gindi.

Za ku ji ana kwaɗaita muku kuɗin iskar kabon, wato kuɗin da ake biya saboda iskar da itatuwa ke zuƙewa daga sararin sama. Akwai inda aka samu, kamar Humbo a Habasha, inda jama'a suka rena daji mai hekta sama da 2,700 aka biya su ta hannun Bankin Duniya. Amma aiki ne na shekaru da takardu da masu awo. A ɗauke shi a matsayin gyara bayan an auna, kada a gina lissafi a kansa, kuma kada a sa hannu a takardar da ta ba wani iko da gonaki na shekaru masu yawa ba a karanta wa kowa ita da Hausa ba.

Abin da na gaya wa 'yan ƙungiyarmu shi ne kada a sayi tsiro ko ɗaya sai an taka gonakin. A fita bayan girbi, kafin sassabe, a ƙirga kututture masu rai da 'yan tsirran gawo a kowace gona. Inda aka samu gwamman su a hekta guda, reno za a yi, kuɗin da za a kashe bai wuce na adda da dutsen wasawa da ladan masu sa ido ba. Inda aka tarar da fako, a haƙa rabin wata a shuka dakwara da bagaruwa a farkon damina, daidai abin da za a iya tsarewa. Dashen 'ya'yan itace a kai shi inda ruwa yake, bakin rijiya, fadama, cikin gidaje da makaranta, kowane tsiro da sunan mai ba shi ruwa. Guda 200 da za su rayu sun fi 5,000 na hoto. Masu sayar da itace da ba su da gona su za a fara ɗauka aikin datsa da gadi, a bar musu rassan. Kaso mafi tsoka na kuɗin kuma a ajiye shi don watannin Fabrairu zuwa Mayu.

An tsayar da ranar fita ƙirga, Asabar ta biyu bayan an gama ɗaurin gero. An kuma tura mutum biyu rugar arɗo su gaya masa shi ma ya zo da mutanensa, don a yanka hanyar shanu kafin a ɗaura jan ƙyalle ko ɗaya.